Kare ne ke tsara tafiyar, ba mai mota ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Na karanta rubutun da kuka buga kwanakin baya a kan mutanen da ke sakin gidan haya su koma zama cikin motar tafi-da-gidanka, wato motar nan mai gado da murhu da bayi a cikinta, suna yawo ƙasa-ƙasa da karensu. Marubucin ya yi ƙoƙari, ban rage masa ba. Sai dai ya bar mai karatu da tunanin cewa mai irin wannan rayuwa ba shi da shamaki, duk inda ya ga dama nan zai tsaya, duk lokacin da ya so zai tashi. A nan ne na ce bari in sa baki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni tsohon direban babbar mota ne a Turai. Da na ajiye aiki sai zaman wuri ɗaya ya gagare ni, muka sayi irin wannan mota ni da mai ɗakina, muna fita da ita yawancin shekara. Na uku a tafiyar shi ne Duna, baƙin kare ne mai nauyin kilo 25 ko kusa da haka, wanda muka karɓo daga gidan da ake ajiye dabbobin da aka yasar. Shi ne mai gadinmu da dare in mun kwana a wurin da babu kowa. Abin da nake so masu karatunka su ji shi ne, tun ranar da ya shiga motar nan ya zama shi ke yanke lokacin tashi, da hanyar da za a bi, da ƙasar da za a shiga a wane wata. Ni dai tuƙi ne nawa.

Zafi shi ne babban al'amari, kuma shi ne rubutun naku bai taɓa ba ko kaɗan. Kare ba ya gumi kamar mu, in ban da ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafarsa. Da haki yake sanyaya jikinsa, ya zaro harshe iska ta kwashe danshi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 ne zuwa 39 a ma'aunin Selshiyos, da zarar ya haura 41 to an shiga haɗari, ƙoda da ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa cikin mintoci. A 2005 likitoci a Jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon awon zafin cikin motar da aka ajiye a rana. A ranar da zafin waje bai wuce digiri 22 ba, wato ranar da kowa zai ce yanayi ya yi daɗi, cikin motar ya kai 47 a sa'a guda. Kashi 80 cikin ɗari na hauhawar ya faru ne a rabin sa'ar farko, kuma sassauta gilashi kaɗan bai hana komai ba. Na san za a ce wannan ƙaramar mota ce, tamu tana da bango mai kauri. Haka ne, ɗakin baya ya fi jinkirin ɗaukar zafi. Amma gilashin gaba na irin motarmu faffaɗa ne ƙwarai, in rana ta same shi kai tsaye, wurin zaman direba ya zama wuta, kuma zafin yana malalowa baya.

Mutane suna dogara da na'urar sanyaya ɗaki. Ta gaban mota tana mutuwa da zarar ka kashe inji. Ta saman rufi kuma wutar gida take ci, mai ƙarfin bolt 230, sai ka jona waya a zango. Batir da faifan sola na yawancin motoci ba sa ɗaukarta na dogon lokaci. A zango ma, maƙwabcinka na iya kunna tukunyar dafa ruwa da na'urar busar da gashi a lokaci guda, wutar layin ta yanke, kai kana kasuwa ba ka sani ba. Shi ya sa a gidanmu doka ɗaya ce ba a taɓa ta: in akwai rana, ba a barin Duna shi kaɗai a mota. In za a shiga kanti, ɗayanmu ya shiga, ɗaya ya tsaya da shi a inuwa. Gidajen tarihi da manyan fadoji da mutane ke zuwa gani daga nesa, mu bi da bi muke shiga, ta shiga ta fito ta ba ni labari, in shiga in fito in ce ba haka na gani ba. Akwai garuruwa da dama da muka ratsa ba mu ga komai a cikinsu ba sai filin ajiye motoci mai itace.

Wannan ne ya juya mana taswira. Da bazarar Turai, lokacin da kowa ke gangarawa kudu bakin teku, mu arewa muke nufa, ko mu hau duwatsu. Sifaniya da Fotugal sai da hunturu. In dole ta sa mun yi tafiya a ranar zafi, da asuba muke tashi, kafin hantsi ya yi nisa mun sami inuwa mun kafa. Kafin in bar shi ya taka kwalta, sai na ɗora bayan hannuna a kai. In ban iya jure 'yan daƙiƙoƙi ba, to tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba, ga shi baƙin gashi yana shan rana fiye da fari. Masu karnuka masu gajeren hanci, irin su buldog, sun fi mu shiga uku, domin hakin ma da ƙyar suke yi.

Na taɓa ganin abin da idona a wani zango a kudancin Faransa. Wata dattijuwa ta dawo daga sayayya ta buɗe ƙofa, karenta ya fito yana layi, miyau na dalala, dasashinsa ya yi ja jawur, ya yi taku kaɗan ya zube. Ta ruɗe tana neman makulli za ta ruga asibitin dabbobi. Wani maƙwabci ya tare ta, ya jawo tiyon da ake cika tanki da shi ya dinga kwarara masa ruwa a jiki, wuya da ciki da cinyoyi, wani ya kawo fanka. Sai da hakin ya lafa sannan aka sa shi a mota da sanyi a kunne aka tafi da shi. Abin da likitocin dabbobi ke koyarwa ke nan: a fara sanyaya shi, sannan a ɗauke shi, kuma kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, domin tawul riƙe zafin yake yi. Karen ya rayu. A daren nan mai ɗakina ta tuna mini hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai lallage don ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Dabbar da ka rufe a mota ba ta iya buɗe ƙofa, ba ta iya ɗebo ruwa, amana ce a wuyanka.

Sai maganar takardu. Duna yana da fasfo nasa, shuɗin littafi na Tarayyar Turai, kuma a wasu iyakoki an fi duba nasa a kan nawa. Kafin a ba shi sai da aka dasa masa wata 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata, tsawonta bai wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba, wadda ake karantawa da injin hannu. Bayan ta sai allurar rigakafin ciwon haukan kare. Tsarin yana da muhimmanci: na'urar ce farko, allura ta biyo baya, in aka juya to allurar ba ta ƙirguwa. Ba a yi wa kwikwiyo allurar sai ya cika mako 12, kuma bayan allurar farko sai an jira kwana 21 kafin ya tsallaka iyaka. In aka bar wa'adin sabunta allurar ya wuce, an koma farko, a sake zaman jiran.

Akwai kuma ƙasashen da ke tsoron wata tsutsar ciki da dila ke yaɗawa, wadda in ta shiga mutum takan lalata hanta. Birtaniya da Ailan da Finlan da Malta da Norwe ba sa barin kare ya shiga daga yawancin ƙasashen Turai sai likita ya ba shi maganin tsutsar da hannunsa, ya rubuta rana da sa'a a fasfo, ya buga hatimi. Kuma sai ya kasance tsakanin sa'a 24 zuwa 120 kafin isowa, ba ƙasa ba, ba sama ba. Ka ga ke nan in za mu shiga Norwe, ba ni ke zaɓar ranar ba. Sai in nemi likitan dabbobi a Jamus ko Denmak, in lissafa ranar da yake buɗewa, in lissafa jirgin ruwa, in bar rata ko da hadari zai hana jirgi tashi. Abokanmu da ke zaune a Ingila sun fi mu wahala. Daga 1 ga Janairu 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar, fasfon dabbobi da aka bayar a can ya daina aiki a Turai, ya zama kowace fita sai sun karɓi sabuwar takardar lafiya daga likita cikin kwana 10 kafin tafiya. Wanda ke mafarkin kai karensa Amurka kuwa, tun Agustan 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta can ta ce sai kare ya kai wata 6, yana da na'urar lambar, an kuma cike masa fom ta intanet.

Tsallaka ruwa ma shi ke zaɓa. Jiragen ruwa da yawa a cikin mota suke sa a bar kare, a ƙasan jirgi, cikin ƙarar inji da kukan ƙararrawar motocin mutane, kai kana sama ba a barin ka sauko. Duna ya tsani wannan. Don haka in za mu Ingila, jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku muke bi daga Kale ta Faransa zuwa Fokston ta Ingila, minti 35, muna zaune tare da shi cikin motarmu. In doguwar tafiyar ruwa ce, sai wanda ke da ɗakin kwana na masu dabbobi, su kuwa ɗakunan kaɗan ne, tun da wuri ake kama su.

A matsayina na tsohon direba, abin da ya fi ba ni haushi a hotunan da ake yaɗawa shi ne kare zaune a kujerar gaba ba ɗauri, ko ya leƙo kai ta taga kunnuwa na kaɗawa. Na ga haɗurra da yawa a rayuwata. In ka taka birki da ƙarfi, duk abin da ba a ɗaure ba gaba yake tafiya da gudun da motar ke yi, ko tukunya ce ko kare mai kilo 25, kuma ƙeyarka ce a gabansa. A Jamus doka tana ɗaukar kare a mota a matsayin kaya, dole a tsare shi kamar yadda ake tsare lodi. A Birtaniya doka ta 57 a littafin ƙa'idojin hanya ta ce a ɗaure shi yadda ba zai ɗauke hankalin direba ko ya ji wa kowa ciwo ba. Namu yana da ɗamara ta ƙirji da ake maƙalawa a bel ɗin kujerar baya. Ba a ɗaure shi ta wuya.

Nauyi kuma wani lissafi ne. Lasin ɗin tuƙi na yau da kullum a Turai kilo 3,500 ya yarda ka ja, kuma yawancin motocin nan tun daga kamfani sun kusa cinye adadin. Ruwa lita 100 kilo 100 ne. Ka ƙara tukwanen gas, kekuna, mu biyu, shi kansa, da buhun abincinsa, wanda ba ma canzawa barkatai don canjin abinci yana ɓata masa ciki, kare mai gudawa kuma a ɗaki mai faɗin taku biyu ba labari ne mai daɗi ba. Na kan hau sikelin motoci kafin doguwar tafiya, sau da yawa sai mun zubar da rabin ruwa.

Kowace ƙasa da abin da take ɓoye wa kare. A kewayen Bahar Rum, daga Mayu zuwa wajen Oktoba, akwai wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ke fitowa daga magariba zuwa asuba, suna ɗauke da cutar lishmaniya. In ta kama kare, magani lafar da ita yake yi, da wuya ya raba shi da ita. Saboda su Duna yana sanye da abin wuya mai magani, kuma ba ya kwana waje komai zafi. Da muka ce to mu je kudu da hunturu mu huta da su, sai muka tarar da gizaka. A dazuzzukan itacen fayin, mai ganye kamar allura, na Sifaniya da Fotugal da kudancin Faransa za ka ga fararen ƙulle-ƙulle kamar auduga a ƙarshen rassa, gidajenta ke nan. Daga ƙarshen hunturu sai su sauko ƙasa, su jeru kan wannan a bayan wancan, layi guda mai tsawo yana rarrafe a kan hanya. Kare kuwa komai da hanci yake tambayarsa. Gashin jikinsu na da dafi, in ya lasa harshe ya kumbura, wani ɓangarensa na iya ruɓewa ya faɗi. Yanzu kafin in kashe inji a kowane zango mai itatuwa, sama nake fara dubawa. In na ga farin ƙulli, ko inuwar ta kai inuwa, gaba muke yi. A tsakiyar Turai kuma kaska ce, kullum da yamma mai ɗakina tana bin jikinsa da yatsu, bayan kunne da hammata da tsakanin yatsun ƙafa. Ruwan sanyaya inji ma in ya ɗiga a filin ajiye motoci yana da zaƙi a bakin kare, kuma kaɗan ya isa ya kashe masa ƙoda.

Wanda ya ce ai a daji kare zai sake ya yi gudu son ransa, shi ma bai bincika ba. A Norwe daga 1 ga Afrilu zuwa 20 ga Agusta dole kare ya kasance a igiya, saboda namun daji da tumaki masu 'ya'ya. Suwidin tana da makamanciyar doka daga 1 ga Maris. Yawancin bakin tekun Sifaniya ba a shiga da kare da bazara. A gandun dajin gwamnatin Amurka, igiya ba ta wuce ƙafa 6, kuma hanyoyin ƙafa da yawa an haramta wa karnuka su. A duwatsun Alps shanu ne abin tsoro. Saniya mai ɗan maraƙi kallon kyarkeci take yi wa kare. A 2014 shanu sun kashe wata Bajamushiya mai yawo da karenta a yankin Tirol na Ostiriya, shari'ar ta ɗauki shekaru, har ta sa aka fitar da ƙa'idoji ga masu ratsa makiyaya. Ɗaya daga ciki ita ce, ka riƙe karenka da gajerar igiya, amma in saniya ta taso maka to ka sake shi nan take, shi zai tsere, kai ba za ka iya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka kuka nake yi. Da babu daɗi da tuni mun sayar da motar. Saboda Duna nake tafiyar ƙafa safe da yamma ko ana ruwa, abin da likitana ya yi shekaru yana roƙona in yi ina ƙi. Saboda shi muke tsayawa duk bayan sa'a biyu ko uku, a ƙauyukan da da ni kaɗai ne ko sunansu ba zan karanta ba. Mutanen da ba za su ce wa baƙo uffan ba sukan tsaya su tambayi sunansa da shekarunsa, daga nan hira ta ɓarke, har a nuna maka inda za ka ɗebi ruwa. Da dare a wurin da ba fitila, in ya yi gurnani ƙasa-ƙasa na san akwai motsi, in ya yi shiru ina barci da idanu biyu a rufe. Shi kuma ba ruwansa da wace ƙasa muke, muddin shimfiɗarsa na ƙarƙashin tebur, kwanonsa na inda ya saba, kuma ana ba shi abinci a lokacin da ya sani. Karen da bai iya zaman mota ba, mai amai ko mai haushi in an bar shi, ba a fara masa da tafiyar wata guda. A fara da kwana a ƙofar gida, inji a kashe.

Akwai wani ƙorafi da nake da shi a kan 'yan'uwana masu irin wannan mota, kuma ina so ya fito a jarida. Wasunmu sun ɓata mana suna. Za ka isa wuri mai kyau ka tarar da kashin kare a kan hanya, wani ma ya ƙulle shi a leda ya rataye a reshe, ban san wa yake jira ya ɗauke ba. Wani ya saki karensa a zango yana cewa ai ba ya cizo, alhali akwai yara da masu tsoro, akwai kuma waɗanda ba sa son kare ya taɓa tufafinsu, kuma haƙƙinsu ne. Wani ya juye ruwan wanke-wanke har da na bayi a gindin itace. Faransa da Jamus sun tanadi dubban wuraren tsayawa masu famfo da ramin zubar da ƙazanta, babu uzuri. Fotugal ta gaji da irin wannan hali a gaɓar tekunta, a farkon 2021 ta hana kwana cikin mota in ba a wurin da aka keɓe ba. Daga baya a shekarar aka sassauta zuwa sa'a 48 a ƙaramar hukuma guda, amma yankunan da ake karewa har yanzu a rufe suke. Zanguna da yawa yanzu sun ƙayyade yawan karnuka, wasu sun hana su gaba ɗaya a watannin cunkoso, kuma in ka tambayi masu wurin dalili, labarin leda da haushin tsakar dare za su ba ka.

Duna ya fara tsufa, ƙafafun baya sun fara nauyi. Na ƙera masa matakala ta katako mai shimfiɗar roba don hawa da sauka, wadda ita ma ta ci kilo shida daga lissafin sikeli. Bana likitansa ya ce a rage masa hawan dutse, don haka Alps ta fita daga tsarinmu, za mu bi gaɓar tekun Baltik inda ƙasa take shimfiɗe kuma iska na da sanyi. Mai ɗakina ta so ganin Italiya, an ɗage sai hunturu.

Na gode da fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani tsohon direba, mai karanta ku daga kan hanya